Liƙa jan ƙarfe a tanderu marar iska: tambayoyi da amsoshi kan sassan na'urar hanzarta ƙwayoyin zarra

Duk wanda ya ji labarin na'urorin hanzarta ƙwayoyin zarra, irin na cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, hankalinsa kan tafi ne kan manyan maganaɗisu da ramuka masu tsawon kilomitoci. Amma a yawancin na'urorin nan, inda ƙwayar take samun turin da ke ƙara mata gudu bututu ne na jan ƙarfe da aka harhaɗa daga ƙananan sassa. Abin da ke riƙe da sassan kuwa siririn layi ne na ƙarfen liƙi, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Tambayoyin da ke biye sun shafi wannan layi ne da yadda ake samar da shi.

Wane aiki jan ƙarfe yake yi a cikin na'urar?

Ana tura ƙwayoyin, wato ilektiron ko furoton, da igiyar rediyo mai ƙarfin gaske. Igiyar tana kaɗawa a cikin jerin ƙananan ɗakuna na ƙarfe, kowane ɗaki da ƙofa a tsakiyarsa da ƙwayoyin ke ratsawa. Idan girman ɗakunan ya dace da kaɗawar igiyar, duk ɗakin da ƙwayar ta shiga sai ta tarar da ƙarfin lantarki yana tura ta gaba.

Wutar da igiyar ke haifarwa ba ta nutsewa cikin bango, a fatarsa kawai take gudana. A kaɗawar gigahaz 3, wato sau biliyan 3 a daƙiƙa, zurfin da take shiga ya ɗan ɗara maikiron 1, shi kuwa maikiron kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita. Saboda haka ana son ƙarfen da wuta ke bi ba tare da asara mai yawa ba, wanda kuma zai kwashe zafin da aka samu ya kai shi ga ruwan sanyaya. Azurfa ce kaɗai ta ɗan fi jan ƙarfe a waɗannan biyun, kuma tsadarta ta hana.

Miƙaƙƙiyar na'urar SLAC da ke Kalifoniya, wadda ta fara aiki a 1966 da tsawon kimanin kilomita 3, an gina ta da faya-fayai da zobban jan ƙarfe sama da 80,000, tana aiki a kan megahaz 2,856, wato kaɗawa sau miliyan 2,856 a daƙiƙa. Kowane faifai sai da aka liƙa shi da na kusa da shi.

Mene ne bambancin wannan liƙi da walda?

A walda, bakin ƙarafan da ake haɗawa ne yake narkewa. A wannan liƙi sassan ba sa narkewa ko kaɗan. Ana kawo wani ƙarfe na dabam da ke narkewa a zafin da bai kai nasu ba, ya narke ya shige tsakaninsu, ya daskare ya riƙe su. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085 na ma'aunin Salshiyas, don haka duk ƙarfen liƙin da za a zaɓa dole ya narke ƙasa da nan. Idan ƙarfen liƙin yana narkewa ƙasa da digiri 450, aikin ya koma irin liƙin dalma da ake yi wa kayan lantarki. Wanda ake magana a kai a nan yana sama da haka nesa.

Narkakken ƙarfen ba zuba shi ake yi ba. Ƙuncin ratar da ke tsakanin sassan ne yake jan sa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir zuwa sama. Shi ya sa faɗin ratar yake da muhimmanci: yawanci ana son ta kasance maikiron 50 ko ƙasa da haka. Idan ta yi faɗi, jan ya raunana, ƙarfen ya taru a gefe guda ya bar gurbi a wani gefen.

Walda tana zafafa wuri ɗaya ta bar sauran da sanyi, abin da ke karkatar da ƙarfe. A tanderu duk jikin ne yake ɗaukar zafi tare, kuma ana iya haɗa gaɓoɓi da yawa a shiga ɗaya, har waɗanda ke can ciki inda hannu ba ya kai.

Me ya sa sai an zuƙe iskar tanderun?

Jan ƙarfe mai zafi yana haɗuwa da oksijin nan take, ya yi baƙar fata, narkakken ƙarfe kuwa ba ya kama irin wannan fata. Mai liƙi da wutar gas yana magance haka da garin da yake barbaɗawa a kan haɗin. Wannan gari yana barin saura mai cin ƙarfe, mai kuma fitar da tururi, kuma ba shi da wurin zama a cikin na'urar da za ta yi shekaru tana aiki babu iska a cikinta. Idan aka cire oksijin daga tanderun, buƙatar garin ta kau.

Ana saukar da matsin cikin tanderun zuwa wajen miliba 0.00001 ko ƙasa, wato kusan kashi 1 cikin miliyan 100 na matsin iskar da muke shaƙa. Akwai riba ta biyu: iskar da ta maƙale a jikin ƙarfen tana fita yayin da yake zafi, sai sashen ya fito a tsabtace fiye da yadda ya shiga. Tanderun da ake ware wa irin wannan aiki galibi cikinsu na molibdinom ne, kuma masu kula da su ba sa yarda a saka wani abu mai maiƙo ko mai datti a ciki, domin abin da ya tashi daga kayan yau zai sauka a kan kayan gobe.

Kowane irin jan ƙarfe zai yi?

A'a. Jan ƙarfen wayar lantarki yana ɗauke da oksijin kimanin kashi 0.02 zuwa 0.04 cikin 100. Idan ya yi zafi a inda akwai haidurojin, sai haidurojin ya kutsa ciki ya haɗu da oksijin ɗin, su zama tururin ruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, wato ƙananan gutsattsarin da jikinsa ya ƙunsa. Tururin ba shi da hanyar fita, sai ya tsattsage ƙarfen daga ciki. Wanda ake amfani da shi shi ne OFE, wato jan ƙarfen da aka raba da oksijin, mai lamba C10100, tsarkinsa kashi 99.99 cikin 100, oksijin ɗinsa bai wuce kashi 5 cikin miliyan ba.

Tsarki kaɗai bai isa ba. Sandar da aka ja ta fuska ɗaya tana iya ɓoye siraran hanyoyi da suka bi tsawonta, waɗanda iska za ta bi ta shiga bayan an gama komai. Domin haka manyan cibiyoyi kan nemi wanda aka ƙera da duka ta fuskoki da dama, su kuma duba shi da na'urar sauti mai gano ɓoyayyen gurbi a cikin ƙarfe kafin a fara yanka.

Da wane ƙarfe ake liƙin?

Wanda aka fi sani shi ne gamin azurfa kashi 72 da jan ƙarfe kashi 28. Yana narkewa gaba ɗaya a digiri 780, ba ya bi ta matakin rabi ruwa rabi daskararre, kuma yana gudu sosai a kan jan ƙarfe mai tsabta. Idan aka ƙara masa faladiyom, zafin narkewarsa yana hawa sama da digiri 800, yana kuma fi kama wasu ƙarafan. Sai dangin zinariya: gamin zinariya kashi 50 da jan ƙarfe kashi 50 yana narkewa tsakanin digiri 955 da 970, mai zinariya kashi 35 kuma tsakanin 990 da 1,010. Akwai kuma gamin zinariya kashi 82 da nikel kashi 18, mai narkewa wajen digiri 950.

Abin da ba a yarda da shi ba sam shi ne ƙarfen liƙi mai tutiya ko kadmiyom a ciki, alhali su ne suka cika sandunan liƙi na yau da kullum. Waɗannan biyun suna zama tururi cikin sauƙi idan babu iska. Su ɓata haɗin, su shafe bangon tanderun, abin da ya rage kuma ya ci gaba da tashi a cikin na'urar.

Ana iya gama duk haɗin a shiga tanderu sau ɗaya?

Ba kasafai ba. Sashe ɗaya yana iya ƙunsar ɗakunan, da bututun ruwan sanyaya, da bakunan haɗi da ake ɗaure shi da wasu sassa ta wurinsu, da mashigar igiyar rediyo, kuma ba dukkansu ne za su zauna daidai a tsayuwa ɗaya ba. Sai a raba aikin mataki-mataki: a fara da ƙarfen liƙi mafi zafin narkewa, na biyu ya kasance ƙasa da shi, na ƙarshe ya fi duka sauƙin narkewa, yadda shiga ta gaba ba za ta sake narkar da haɗin baya ba. Wannan ne amfanin samun ƙarafan liƙi iri-iri daga digiri 780 har zuwa 1,010.

Misali mai kyau shi ne RFQ, sashen farko da ke tattara furoton ko ayon (zarra mai cajin lantarki) ya fara tura su, wanda Kapchinsky da Teplyakov suka ƙirƙiro tunaninsa a Tarayyar Sobiyet, aka kuma gwada shi a Los Alamos ta Amurka a 1980. Yana da dogayen fukafukai 4 da ke fuskantar juna, bakinsu a sassaƙe kamar igiyar ruwa. Na Linac4, wata miƙaƙƙiyar na'ura a CERN, tsawonsa mita 3 ne, a gida 3, yana aiki a kan megahaz 352, kuma a matakai aka liƙa shi: fukafukan da farko, bakunan haɗi daga baya. Tun 2020 ta cikinsa ƙwayoyin da ke ƙarewa a babbar na'urar LHC suke fara bi.

Yaya aikin yake tafiya kafin a rufe tanderu, da bayan an rufe?

A ganina a nan ne mafi yawan nasara ko asara take, tun wuta ba ta kama ba. Ana fara yanka ƙarfen a bar masa ɗan ƙari, a gasa shi don ya saki taurin da duka da yanka suka cusa masa, sannan a yi yankan ƙarshe. Wanda ya tsallake wannan gashi zai tarar sashen ya saki taurin nan a cikin tanderun liƙi, ya murɗe a daidai lokacin da ba a iya gyara shi. Yankan ƙarshe na ɗakuna masu tsananin daidaito ana yin sa da bakin lu'ulu'u, fuskar ta fito tana sheƙi.

Daga nan sai wanki: a cire maiƙo, a ɗan cinye fatar sama da sinadari, a ɗauraye da tataccen ruwa, a busar. Bayan haka ba mai taɓa shi sai da safar hannu, domin shatin yatsa ɗaya yana iya hana ƙarfen liƙi bin wurin. Ƙarfen liƙin yana zuwa ne a matsayin siririyar waya da ake kwantarwa a cikin kwarin da aka sassaƙa mata, ko falle mai sirantaka da ake sakawa a tsakani. Ana lissafa yawansa da kyau. In ya yi kaɗan a samu gurbi, in ya yi yawa ya malalo cikin ɗakin.

A cikin tanderu, ana liƙa ma'aunan zafi a jikin kayan kansu, ba a dogara da na tanderun kaɗai ba. Inda babu iska zafi yana isa ga kaya ne ta hanyar haskakawa, jan ƙarfe mai sheƙi kuma yana mayar da yawancinsa, don haka yana jinkirin ɗauka. Ana hawa a hankali, a tsaya ƙasa kaɗan da zafin narkewa har sashe mai kauri da marar kauri su daidaita, sannan a haura na 'yan mintoci, a sauko. Idan aka daɗe a sama, narkakken ƙarfen yana fara cin jan ƙarfen da ke gefensa, azurfa kuma ta bi tsakanin ƙwayoyinsa ta ɓace daga inda ake buƙatarta. Hucewa tana ɗaukar sa'o'i, kuma ba a buɗe ƙofa sai kayan sun yi sanyin da iska ba za ta baƙanta su ba.

To ina ainihin wahalar take?

Zafin da ke haɗa sassan shi ne kuma yake raunana su. Jan ƙarfen da ya kai digiri 800 ya rasa duk taurinsa, ƙwayoyinsa sun girma har ana iya ganinsu da ido, kuma ko bayan ya huce yana nan da laushi, ɗan bugu kaɗan ya lotsa shi. Yana cikin tanderu kuwa, nauyin kansa ma yana iya lanƙwasa shi. Shi ya sa dogayen jerin ɗakuna ake tsayar da su a tsaye, a ɗora musu nauyin da aka auna daga sama.

Ga kuma buɗewa. Jan ƙarfe yana ƙaruwa da kimanin kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri, don haka sashe mai tsawon mita 1 yana ƙara fiye da santimita 1 kafin ya kai zafin liƙi, sannan ya koma. Ana son ya yi wannan tafiya ya dawo ba tare da ya kauce da fiye da 'yan maikiron ba. Abin da aka riƙe shi da shi, in bai buɗe daidai da shi ba, ko dai ya matse shi ya bar masa tabo, ko ya sake shi ya zame. Kuma jan ƙarfe mai tsabta yana manne wa ƙarfen da ya taɓa a wannan zafi, don haka wuraren da ya jingina ana sa musu siramik ko girafait.

A ƙarshe haɗin yana da ayyuka 4 da zai yi a lokaci guda: ya hana iska shiga, ya bar wutar rediyo ta tsallaka shi ba tare da tangarɗa ba, ya wuce da zafi, ya kuma riƙe awo. Gyaran ɗaya yakan taɓa wani. Ƙarin ƙarfen liƙi yana tabbatar da toshewar iska, amma in ya leƙo cikin ɗaki ya zama tudun da tartsatsi zai riƙa tashi a kai idan aka kunna wuta mai ƙarfi.

Maikiron ɗaya tak, me zai ɓata?

A ɗaki irin na SLAC, mai faɗin kimanin santimita 8, kuskuren maikiron 1 a faɗin yana kawar da kaɗawar da wajen kilohaz 35, wato sau 35,000 a daƙiƙa. Canjin zafi na digiri 1 yana kawar da ita da kusan kilohaz 50, dalilin da ya sa ake tsare zafin ruwan sanyaya sosai. Idan ɗakuna suka saɓa wa juna, igiyar da ƙwayoyin ba sa tafiya tare, turin ya ragu.

Tsohuwar dabara ita ce a gyara bayan liƙi. Ana jan ɗan ƙaramin dutse a kan zare ta tsakiyar bututun, a auna yadda kowane ɗaki yake amsawa, sannan a ɗan lotsa bangonsa daga waje ko a jawo shi har ya daidaita. A nan laushin ƙarfen ya zama taimako. Cibiyar PSI ta Suwizalan ta bi wata hanya a na'urarta ta SwissFEL: sassa 104 masu tsawon mita 2, kowanne da ɗakuna 113, a kan gigahaz 5.7, an yanka su da daidaiton da ya sa ba a buƙaci lotsa ko ɗaya bayan sun fito daga tanderu ba. Wannan aiki ya cancanci yabo, domin ya nuna cewa liƙi yana iya riƙe awon maikiron idan an shirya masa.

Yaya ake haɗa jan ƙarfe da abin da ba jan ƙarfe ba?

Bakunan haɗi na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, domin su ne ake ɗaure wa kusoshi. Abin da ke hana shi tsatsa, wato siririyar fatar kuromiyom da oksijin, shi ne kuma ke hana azurfa kama shi. Sai a shafa masa nikel tukuna, ko a yi amfani da gami mai faladiyom ko zinariya. An yi sa'a buɗewarsa da ta jan ƙarfe sun yi kusa.

Siramik ya fi wuya. Tagar da igiyar rediyo ke ratsawa ta shiga na'urar faifan alumina ne, wanda buɗewarsa ba ta kai rabin ta jan ƙarfe ba, kuma narkakken ƙarfe ba ya kama shi. Ko dai a gasa masa fatar molibdinom da manganis a bi da nikel, ko a yi amfani da ƙarfen liƙi mai ɗan taitaniyom da ke kama siramik kai tsaye. Ana sa jan ƙarfen da ke zagaye da shi ya zama siriri, a ɗaure shi daga waje da molibdinom don kada ya buɗe ya bar faifan, idan ana hucewa kuma ya miƙa wuya maimakon ya fasa siramik ɗin.

Ta yaya ake sanin liƙi ya yi kyau, kuma ana gyara wanda ya yi yoyo?

Ana zuƙe iskar cikin sashen, a haɗa shi da na'urar da ke gane hiliyom, a riƙa fesa hiliyom kaɗan-kaɗan a kan kowane haɗi daga waje. In akwai ƙofa komai ƙanƙantarta, na'urar za ta nuna. Hanyoyin ruwa ana gwada su da matsi, a leƙa ciki da kyamara, a duba gurabe da na'urar sauti, sannan a yi awon rediyo. Akwai yoyon da hiliyom ba ya kamawa: iskar da aka rufe a wani gurbi cikin haɗin, tana tsiyayowa a hankali tsawon watanni. Maganinta yana wurin mai zane, ya bar wa kowane gurbi mafita.

Gyara yana yiwuwa idan yoyon yana wurin da ake iya kai wa, kuma akwai sauran ƙarfen liƙi mai sauƙin narkewa da ba a yi amfani da shi ba. Mai hangen nesa yakan bar mataki ɗaya a ajiye domin wannan rana. Sake narkar da tsohon haɗin ba shi da tabbas, domin ya riga ya sha jan ƙarfe, halinsa ya canja.

Wasu suna cika tanderun da haidurojin maimakon barin sa babu iska. Wanne ya fi?

Kowanne da wurinsa. Haidurojin yana cire oksijin daga fatar ƙarfe, yana kuma raba zafi daidai, kuma SLAC ta daɗe tana aiki da shi. Illarsa ita ce yana shiga cikin jan ƙarfen, sai an sake gasa sashen a inda babu iska don ya fita, kuma bai dace da gami mai taitaniyom ba.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar ƙarfen liƙi?

Akwai. Idan fuskoki biyu sun yi santsi matuƙa, aka danne su a zafin da ya ɗan haura digiri 1,000, suna haɗewa da kansu. Da wannan hanya ake haɗa faya-fayan gwaji na CLIC, na'urar da CERN ke nazarin ginawa, mai gigahaz 12 da burin bolt miliyan 100 a kowace mita. Ana kuma walda da ilektiron, wadda da ita ake haɗa ɗakunan niyobiyom na na'urori masu aiki cikin tsananin sanyi.

Gwaje-gwajen da aka yi a SLAC sun nuna cewa jan ƙarfen da bai taɓa shiga zafi ba, mai taurinsa na asali, ya fi jure wuta mai ƙarfi kafin ya yi tartsatsi. Wannan ya sa wasu suka koma neman hanyar kauce wa tanderu gaba ɗaya: a cibiyar Frascati ta Italiya an ƙera mafarin ilektiron da ake matsewa da kusoshi da zoben toshewa, babu liƙi. Duk da haka, na'urorin gashin ciwon daji da ke asibitoci, waɗanda su ne aka fi ƙerawa da wannan fasaha, bututunsu na jan ƙarfe har yanzu liƙaƙƙe ne, kuma ana sa ran kowanne ya yi shekaru yana aiki kullum ba tare da iska ta shiga ta ko haɗi ɗaya ba.